Jawabin Kwamitin Horar da Matasa a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Shugaban taro, iyayenmu sarakunan kasuwa, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa da suka taso daga Maraɗi, Damagaram da Ƙonni, da na Kano, Katsina da Sakkwato, sannunku da hanya. Allah Ya maimaita mana.

Lokacin da aka ba kwamitinmu kaɗan ne, don haka ba za mu tsaya lissafa abin da kowa ya gani da idonsa ba. Yaran da kuka damƙa mana sun iya riƙe littafin shiga da fita, sun iya juya naira zuwa sefa ba a cuce su ba, wasunsu ma ta WhatsApp suke ƙulla ciniki. Alhamdu lillahi. Abin da ya rage shi ne ya kawo mu.

Ku tuna watan Agustan 2019, da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamban 2020. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya, hanya ta sake toshewa har cikin 2024. Albasa ta ruɓe a cikin mota, dabbobi suka rame a bakin iyaka, bashi ya hau kan mutane. A waɗannan kwanaki, su wa suka je wurin kwastam da duwan? Su wa suka zauna da hakimai da magadan gari, suka nemi a saki kayan da aka tsare? Dattawan nan ne da ake ƙirgawa da yatsun hannu. Wasunsu yau ba sa cikinmu, Allah Ya jiƙansu da rahama. Idan gobe aka sake rufe hanya, Allah Ya kiyaye, wa za mu tura?

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su bar wannan ga sa'a ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba. Aikin madugu ba ciniki kaɗai ba ne: shi ke shiga gaban sarkin garin da aka sauka, ya daidaita kuɗin da za a biya, ya raba faɗa, ya san inda za a yi zango. Kuma ba a wayar gari a zama madugu. Yaro ne da ya yi shekaru yana kora jakuna, yana zaune a bayan maigidansa yana jin yadda ake magana da masu iko.

Wannan zaman na baya shi muke roƙo a dawo da shi. Duk wanda ƙungiya ta tura wurin hukuma, ya tafi da yaro ɗaya daga cikin masu horo. Ba sai ya yi magana ba. Ya riƙe takardu, ya saurara, ya dawo ya rubuta abin da aka ce. Bayan haka muna neman a ware wa matasa kujeru biyu a kwamitin gudanarwa, ɗaya daga kowane ɓangaren iyaka, kujeru masu ƙuri'a, ba na shimfiɗa tabarma da raba ruwa ba. 'Yan matan da ke bin iyayensu sarin atamfa da kayan miya suna cikin wannan lissafi, hajiyoyi ku shaida.

Mun san abin da wasu iyayengida ke faɗa a zaure: yaro in ya san manya zai raina ka, ko ya buɗe nasa shagon. To, Alhaji, ai ko bai san manya ba wata rana za ka sallame shi. Gara ya fita yana ɗan ƙungiya da ya fita yana bin ɓarauniyar hanya da babur.

Sai maganar takardu. Yaron da ba shi da katin ɗan ƙasa ba ya iya ɗaga murya a shinge, ko da gaskiyarsa. Mun sa wannan kati da katin zaɓe cikin sharuɗɗan kammala horo. Ƙungiya ba ta da jam'iyya, kuma ba za mu gaya wa kowa wanda zai zaɓa ba. Amma wanda ke biyan harajin kasuwa yana da haƙƙin ya karɓi rasit, ya kuma tambayi me ya sa har yau babu rijiya a kara. A Najeriya tun 2018 doka ta bar ɗan shekara 25 ya tsaya takarar majalisar wakilai. Nijar kuma, tun da ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, dokokin wucewa na iya sauyawa, sai mai karanta takarda da Faransanci da Turanci zai gane abin da aka sauya. Ga layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ana kan aikinsa. Ranar da za a zauna rabon rumfuna da wurin sauke kaya a tasha, muna so a iske namu a cikin ɗakin.

Akwai takarda a hannun sakatare. Duk maigidan da ya yarda yaronsa ya bi wakilai, ya rubuta sunansa da kasuwarsa kafin a tashi sallar La'asar. Mutanen Ƙonni da Illela su fara, tunda hanyarsu ta fi nisa.

Allah Ya mai da kowa gida lafiya.