Sauraren mai damuwa ma karatu ne

 

Ƴan uwana matasa, maza da mata, da yawanku kun ci bak ko kuna shirinta, kuma kowa na zancen likitanci da shari'a. Ni yau zan yi muku magana kan fannin da ake mantawa: ilimin halayyar ɗan Adam na asibiti, wato sikoloji.

Mu fara da bambanci. Likitan ƙwaƙwalwa ya karanta likitanci, shi ke rubuta magani. Masanin halayya kuwa aikinsa sauraro ne, da gwaji, da jinya ta hanyar tattaunawa. Su biyun tare suke aiki.

A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai akwai sashen wannan fanni. Lisans shekara 3 ce, sannan masta shekara 2, kuma a masta ne ƙwarewa take. Za ka karanta alamomin cututtukan tunani, matakan girman yaro, gwaje-gwajen hankali da ƙididdiga. Kar wanda ya ce ya gudu daga lissafi, yana nan yana jiranka! Sai sitaj a asibiti ƙarƙashin gwani, yana gyara maka yadda kake tambaya da lokacin da ya kamata ka yi shiru. A ƙarshe ka rubuta kundin bincike.

Me ya sa sai an yi wannan dogon karatu? Domin nasiha daban, jinya daban. Wanda baƙin ciki ya danne shi wata da watanni, ko matashin da tramol ya kama, "ka yi haƙuri" kaɗai ba ta isarsa. Dubi mutanen Diffa tun hare-haren 2015, da ƴan gudun hijirar da suka shigo jihar Maraɗi tun 2019. Wanda ya ga tashin hankali da idonsa, da harshen uwarsa yake iya faɗin abin da ke cinsa. Wa zai saurare shi da Hausa in ba ku ba?

Fannin ba baƙo ba ne gare mu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu kan tsoro, fushi da baƙin ciki da hanyoyin magance su. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna.

Amma sharaɗi ɗaya: sirrin marar lafiya amana ce. Wanda bakinsa ba ya riƙe magana, ya nemi wata sana'a.

Allah ya yi wa karatunku albarka.