Abubakar Imam da Littafin Ikon Allah

Ran nan a ajinmu na Kalgo wani dattijo ya tambaye mu, ya ce, "Malam, anya wannan boko ba zai raba mu da addini ba?" To, bari mu ba shi amsa da labarin wani mutum.

Sunansa Abubakar Imam. An haife shi a Kagara cikin 1911, a gidan malamai. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sa'an nan ya zama malamin Makarantar Midil ta can. Yana wannan aiki ya rubuta Ruwan Bagaja, daga baya ya yi Magana Jari Ce. Da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, shi aka ba aikin edita. Ya rasu cikin 1981.

Kowa ya san shi da ba da labari mai daɗi. Amma akwai wani littafi da suka yi shi da Dokta East, aka buga cikin 1949, wanda ke bayanin halitta iri iri ta cikin duniya. Ku lura da sunan da suka sa masa: Ikon Allah. Watau a wurinsu, wanda ya tsaya ya duba yadda halitta take, ikon Mahalicci yake dubawa.

Mu mutanen ƙasar Gwandu bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, ya rubuta Masalihul Insan a kan gyaran addini da lafiyar jiki. Sai dai da Larabci ya yi, sai malami ya karanta ya fassara mana. Imam kuwa da Hausa ya yi, don manomi ya karanta da kansa.

Ina amfanin irin wannan sani? Ku dubi sauro. Macen ce ke cizo, ita ke ɗauko zazzaɓi daga jinin wani ta kai wa ɗanka. A ruwa kwantacce take ƙwai, ko na kasko ne a bayan ɗaki. Uwar da ta san haka, kifar da kaskon za ta yi.

Duk wanda ya gama littafin farko na aji, ya zo mu zauna mu karanta Ikon Allah tare. Baba mai tambaya, kai ne za ka fara.