Gishiri Mai Aidin da Lafiyar Mai Ciki: Jawabi ga Zumuntar Mata

Maganarmu ta yau a kan aidin ce, sinadarin da rashinsa yake kawo maƙoƙo.

A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka da likitoci suke kira tayirod. Da aidin take haɗa sinadarin da yake gina ƙwaƙwalwa. Jaririn da yake ciki ba ya iya haɗa nasa a watanni uku na farko, da na uwarsa yake dogara. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki da mai shayarwa suna bukatar maikirogiram 250 a rana, sauran manya kuwa 150. In uwa ta rasa, ana iya samun ɓari, ko a haifi yaro kurma, ko mai nauyin fahimta. Ɓarnar da ta sami ƙwaƙwalwa tun a ciki ba ta gyaruwa. Ku lura kuma, mace tana iya rasa aidin ko da wuyanta bai kumbura ba.

To, yaya za mu gane? Hanyoyi uku ne.

Na farko, gishiri. Tun 1993 doka ta ce a sa aidin a gishirin ci a Nijeriya. Ma'aikatan lafiya suna da wani ruwan gwaji: in an ɗiga a gishiri ya koma shuɗi, akwai aidin. Gishirin da ake dafawa a gargajiyance ba a sa masa.

Na biyu, fitsari. Ana auna na mata masu ciki da yawa a yanki ɗaya. Wannan yana nuna halin da gari yake ciki, ba na mace ɗaya ba.

Na uku, awo a asibiti. A bari ma'aikaciya ta taɓa wuya. Wadda take da maƙoƙo, ko yawan ɓari, ko bugun zuciya da rama, ta faɗa, domin a gwada jininta a ga aikin tayirod. Kada a tsaga maƙoƙo a gida.

A gida, ku sayi gishirin leda mai hatimin NAFDAC, ku zuba a gwangwani mai murfi, nesa da rana da murhu. Kada ku ƙara yawansa, saboda hawan jini. Rogo mai ɗaci a jiƙa shi sosai, domin gubarsa tana hana jiki amfani da aidin. Ƙwai, madara da kifin teku suna taimakawa.

Maza, kuɗin gishiri da na zuwa awo suna wuyanku. Shugabannin zumunta, a taro mai zuwa kowace mace ta kawo cokali ɗaya na gishirin gidanta mu gwada.

Ubangiji ya sauki matanmu lafiya. Amin.