Tsakanin Ranar Buɗewa da Ranar Rufewa: Yadda Kwamfuta Ke Auna Wa'adi



Babu ɗalibi ko ma'aikacin da bai taɓa cin karo da wa'adi ba. Rajistar jarrabawa tana da ranar buɗewa da ranar rufewa, haka neman gurbin karatu, haka miƙa takardun fansho. A da, akawu ne yake duba kalandar bango ya yanke hukunci. Yanzu kuwa shafin intanet ne yake amsa tambayar: shin wannan rana tana cikin wa'adi, ko ta fita? Idan ya amsa ba daidai ba, mai gaskiya ne zai yi hasarar shekara guda.

Da farko, ya kamata a sani cewa kwamfuta ba ta san Litinin ko Maris ba, ƙidaya kawai ta sani. A tsarin Unix ana ƙirga daƙiƙoƙi tun daga ƙarfe 12 na daren da ya buɗe 1 ga Janairu, 1970, agogon GMT, kowace rana daƙiƙa 86,400. Harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995, daga nan shi ma yake farawa, sai dai yana raba kowace daƙiƙa gida 1,000. Saboda haka aikin duka gwada lambobi uku ne: ta buɗewa, ta rufewa, da ta lokacin da ake tambaya a kai. Idan ta ukun ba ta gaza ta farko ba, ba ta kuma wuce ta biyu ba, to tana ciki.

Tarko na farko yana bakin iyaka. Alal misali, an ce za a rufe rajista ran 31 ga Maris. Idan mai tsara shafin ya ba kwamfuta ranar kaɗai ba tare da sa'a ba, za ta ɗauke ta a matsayin farkon ranar, watau ƙarfe 12 na dare. Ɗalibin da ya zo da hantsin wannan rana sai a ce masa ya makara, alhali kuwa sanarwa ta ba shi yinin duka. Maganin abin shi ne a sa iyaka a farkon 1 ga Afrilu, a karɓi duk abin da bai kai ta ba.

Tarko na biyu shi ne bambancin agogo. Nijeriya da Nijar suna gaban GMT da awa ɗaya, Gana kuwa a kansa take. Wanda ya aika takarda daga Kano da ƙarfe 12:30 na dare ya riga ya shiga Afrilu, amma ɗan'uwansa na Kumasi a daidai wannan lokaci yana cikin Maris. Tilas a faɗi agogon da za a bi. Har ma akwai ranar da ba ta wanzu ba a wata ƙasa: a 2011 Samowa ta kwana ran 29 ga Disamba, ta wayi gari ran 31.

Na uku shi ne yadda ake rubuta ranar. A Ingila 03/04 na nufin 3 ga Afrilu, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Bugu da ƙari, idan aka gwada ranaku a matsayin rubutu, 02/12 zai riga 15/01, watau Disamba ta riga Janairu. Ƙa'idar ISO 8601 ta 1988 ta warware wannan da sa shekara a gaba, sa'an nan wata, sa'an nan rana. Kuma JavaScript yana ƙirga watanni daga sifiri, Janairu 0, Disamba 11. Wanda ya manta, wa'adinsa zai gusa da wata guda.

Ita kanta kalanda ba ta tafiya sumul. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya sa aka tsallaka daga 4 zuwa 15 ga Oktoba. Ingila ba ta bi ba sai 1752. Fabrairun 1900 kwana 28 ne, na 2000 kuwa 29. Rubuta shekara da lamba biyu shi ya haddasa fargabar shekarar 2000, domin 00 ya gaza 99. Tsofaffin na'urorin da ƙidayarsu ke tsayawa a 2,147,483,647 kuma za su cika ran 19 ga Janairu, 2038.

A ƙarshe, ba mai tsara shafi kaɗai ke da alhaki ba. Jami'in da ke rubuta sanarwa shi ya kamata ya bayyana abu uku: ko ranar ƙarshe tana ciki, da ƙarfe nawa za a rufe, da agogon wace ƙasa. Kwamfuta ba ta yin uzuri, abin da aka gaya mata shi take zartarwa. Rigakafi kuwa ya fi magani.