Wa Ake Hana Wa Jibin Ubangiji? Darasi Daga Kudancin Ƙasar Sin

Yau za mu duba wata tambaya da ta daɗe tana damun mabiya ɗarikar Katolika, wato wane ne ya kamata a hana wa Jibin Ubangiji, wa kuma ke da ikon yanke cewa wane ya ƙi tuba. Za mu nemi amsar a kudancin ƙasar Sin, inda wannan magana ta shafi rayuwar mutane ƙwarai da gaske.

Da farko dai, ga waɗanda ba su saba da al'amarin ba, Jibi shi ne gurasa da ruwan inabi waɗanda fada yakan keɓe a lokacin sujada. 'Yan Katolika sun gaskata cewa waɗannan sukan zama jiki da jinin Almasihu, saboda haka babu abin da ya fi su daraja a ibadarsu. Wanda aka hana shi Jibi, an nuna wa kowa ke nan cewa akwai abin da ya shiga tsakaninsa da ikkilisiya.

Kundin dokokin cocin na shekarar 1983 ya raba maganar gida biyu. Doka ta 916 tana magana da mutum a kan kansa: wanda ya san yana ɗauke da babban zunubi, kada ya matso sai ya je ya furta shi gaban fada. Wannan tsakaninsa da zuciyarsa ne. Doka ta 915 kuwa tana magana da mai raba Jibin: ya hana wanda aka bayyana cewa an yanke shi daga zumuntar ikkilisiya, da kuma wanda ya nace a kan babban zunubi na sarari, aka gargaɗe shi ya ƙi ji. Ashe dai fada ba ya hukunta abin da ke ɓoye. Abin da ido ya gani shi ne iyakarsa. To, amma abin da ido ya gani kullum shi ne gaskiyar magana?

Sai mu nufi Huangpu, tsohuwar matsayar jiragen ruwa ta birnin Guangzhou, wanda Turawa suke kira Kanton. A nan ne, ranar 24 ga Oktoba 1844, wakilin Faransa Théodore de Lagrené da wakilin Sarkin Sin mai suna Qiying suka sa hannu a kan wata yarjejeniya cikin wani jirgin yaƙin Faransa. Yarjejeniyar ta ba Faransawa izinin gina coci a garuruwa biyar na bakin teku, ba da jimawa ba kuma Sarki Daoguang ya sassauta haramcin da aka ɗora wa addinin tun 1724. Katolika sun sami sakewa, amma fa sakewar ta zo ne a inuwar bindigar baƙi. Mutanen Sin ba su manta da wannan ba.

Da 'yan Kwaminis suka karɓi mulki a 1949, sai suka ce ba za su yarda wani na waje ya riƙa naɗa shugabannin addini a ƙasarsu ba. A 1957 aka kafa Ƙungiyar Katolika Masu Kishin Ƙasa ƙarƙashin idon gwamnati, a 1958 kuma aka fara naɗa bishop-bishop ba da yardar Paparoma ba. Dokar coci kuwa ta ce duk bishop ɗin da ya yi irin wannan naɗi, da wanda aka naɗa, sun yanke kansu daga zumunta nan take, ba su da halin ba da Jibi ko karɓarsa.

Bishop ɗin Guangzhou na lokacin, Dominic Tang, ya ƙi shiga ƙungiyar. Aka kama shi cikin Fabrairu 1958, ya yi shekara 22 a kurkuku ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. An sake shi a 1980. Da Paparoma John Paul na Biyu ya ba shi muƙamin babban bishop na birnin a 1981, sai hukumomin Sin suka fusata, bai sake komawa gida ba har ya rasu a Amurka a 1995. Ta haka mabiya suka rabu biyu: masu zuwa cocin da gwamnati ta yarda da shi, da masu taruwa a ɓoye cikin gidaje. Na ɓoye da yawa suna ganin karɓar Jibi daga hannun fadan ƙungiya cin amanar waɗanda suka sha ɗauri ne. Na sarari kuwa suna cewa in ba don su ba, da ƙofar coci ta rufe gaba ɗaya.

A 2007 Paparoma Benedict na 16 ya rubuta wa Katolikan Sin wasiƙa. Ya ce su nemi limaman da ke tare da Paparoma, amma inda hakan zai jawo musu wahala mai tsanani, suna iya karɓa daga hannun sauran. Cikin Disamban wannan shekara aka naɗa Joseph Gan Junqiu bishop na Guangzhou, wanda Huangpu ke ƙarƙashinsa, da yardar Paparoma da ta gwamnati duka.

Jarrabawa mai wuya ta zo ranar 14 ga Yuli 2011, sa'ad da aka naɗa Joseph Huang Bingzhang bishop na Shantou, wani birni a gabashin lardin Guangdong, alhali fadar Paparoma ta riga ta gaya masa ba ta yarda ba. Bishop takwas waɗanda Paparoma ya amince da su ne suka halarta. Kafofin labaran Katolika sun ba da rahoto cewa jami'an gwamnati sun ɗauke bishop huɗu na lardin kwanaki kafin bikin, har da Bishop Gan.

A nan ne dokar ta nuna iyakarta. Ga idon mai kallo, duka sun tsaya gaban bagadi ɗaya, sun yi aiki ɗaya. Amma bayan kwana biyu, da fadar Paparoma ta yi sanarwa, sunan Huang kaɗai ta ambata a matsayin wanda aka yanke. Game da sauran, ta ce ta san an matsa musu, ta kuma yaba wa waɗanda suka yi ƙoƙarin tirjewa. Dalili kuwa, dokar coci tana rage hukunci ga wanda ya yi abu saboda tsoro mai tsanani. Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mutumin da aka kawo shi wuri da rakiyar jami'ai, fuskarsa ba ta isa shaida ba.

Shi ma wanda aka yanke ba a rufe masa ƙofa har abada ba, domin coci yana ɗaukar wannan hukunci a matsayin magani, nufinsa mai laifi ya dawo. Ranar 22 ga Satumba 2018, ranar da fadar Paparoma da gwamnatin Sin suka ƙulla yarjejeniya kan naɗa bishop-bishop, Paparoma Francis ya ɗage hukuncin daga kan bishop bakwai, har da Huang, bayan sun nemi gafara. Amma sulhun ya zo da ɗaci. Peter Zhuang Jianjian, tsoho mai shekara fiye da 80 wanda shi ne Paparoma ya sani a matsayin bishop na Shantou, aka roƙe shi ya sauka ya bar wa Huang kujera. Kadinal Joseph Zen na Hong Kong ya soki wannan da kakkausar murya, yana ganin an saka wa masu biyayya da abin da bai dace ba.

Wannan gardama ba ta Sin kaɗai ba ce. A watan Mayu 2022 Babban Bishop Salvatore Cordileone na San Francisco ya hana Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka a lokacin, karɓar Jibi saboda goyon bayanta ga dokar zubar da ciki. Wata guda bayan haka ta karɓa a babban cocin Bitrus da ke Roma. Paparoma Francis kuwa ya faɗa wa 'yan jarida a 2021 cewa shi bai taɓa hana kowa Jibi ba.

To, jama'a, masu tsanantawa suna da hujja, domin in aka bar kowa ya matso, wahalar irin su Bishop Tang ta zama kamar ba ta da ma'ana. Masu sassautawa ma suna da tasu, domin wanda bai taɓa jin an ƙwanƙwasa masa ƙofa da tsakar dare ba, bai kamata ya yi gaggawar kiran wani mai taurin kai ba. Abin da Guangzhou ta koyar shi ne, kafin a ce mutum ya ƙi tuba, sai an tabbata ya san laifin, an gargaɗe shi, kuma yana da 'yancin cewa a'a. Inda ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, hukuncin ya fi ƙarfin fada.