Jawabi a kan tsabtar matashin kai



Maganar yau a kan matashin kai take. Kowane dare yana shan zufa, da yawu, da kwantsar ido, da man kitso. Shi ya sa yake iya kai cuta daga wannan kai zuwa wancan.

Babbar cutar ita ce amodari, ciwon idon da ya daɗe yana wahalar da jihar Damagaram. Ƙwayar cutar tana cikin kwantsa da majinar yaro. Ƙuda yana ɗaukarta, hannu da zane da shimfiɗa su ma suna ɗauka. In ciwon ya yi ta dawowa, gashin ido yakan juya ciki yana kartar ido, har mutum ya makance. Makero da ƙazuwa su ma suna bin matashi.

Ga abin da ya kamata a yi:

1. A ɗinka wa matashi riga. A wanke ta da sabulu sau ɗaya a mako.
2. A shanya matashi a rana mai zafi, a juya shi, a kakkaɓe.
3. Kada a jiƙa audugar rimi, don tana dunƙulewa. A farke ɗinki, a baza ta a tabarma ta sha rana, a tsettsefe, a mayar.
4. Yaro mai ciwon ido ko makero ya kwana da nasa matashi shi kaɗai. A wanke masa fuska safe da yamma, a kai shi gidan likita.
5. Mai ƙazuwa ya ƙulle matashinsa cikin leda, a ƙalla kwana 3. Ƙwaron ba ya daɗewa in ya rabu da jikin mutum.
6. Kada a zuba maganin ƙwarin wake a shimfiɗa. Guba ne, yana iya kashe jariri.

Yaushe ake sake matashi? In ya lafe, mai shi yana tashi da ciwon wuya. In yana wari ko an shanya shi. In ya yi baƙin fumfuna da damina. In kuɗin cizo ya cika ɗinkinsa. Na soso kuma, in ya fara marmashewa.

Da rani rimi yake fashewa. Lokacin tara sabuwar auduga ke nan. Kuɗin ƙyalle da zare bai kai asarar ido ba.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba da lafiya.