CIWON HANTA: Kada A Bar Gida Ɗaya Da Nauyin Da Ya Fi Ƙarfinsa

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa likita ya gabatar a wajen wani zaman wayar da kan 'yan'uwa maza da mata a birnin Kano, a kan lalacewar hanta da dashenta, da kuma irin halin da iyalan majinyaci kan shiga.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga fiyayyen halitta (S), likitan ya fara da cewa a wannan ƙasa tamu ciwon hanta ba ya kwantar da mutum ɗaya, gida guda yake kwantarwa. Ya ce hanta ce take tace guba daga jini, ita ce take haɗa matsarmama, ita ce kuma take samar da sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Amma tana da haƙurin da kan zama illa ga mai ita, domin takan yi shekara 20 ko 30 tana lalacewa a hankali mutum yana harkokinsa bai sani ba. Kafin a ga idanu sun yi ɗorawa, ciki ya cika da ruwa, ƙafafu sun kumbura, ko a fara aman jini da ruɗewar hankali, to aiki ya riga ya yi nisa.

Daga ina abin yake farowa?

Ya bayyana cewa babban musabbabin lalacewar hanta a nan shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 ke ɗauke da nau'in C, kuma cututtukan sun kashe mutum miliyan 1.3 a wannan shekara kaɗai. A Nijeriya kuwa, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna da nau'in B. Ya ce wato a sahun salla mai mutum 25, kusan biyu suna ɗauke da ita, kuma galibinsu ba su sani ba.

Ya ci gaba da cewa cutar tana bin jini ne da ruwan jiki. Uwa takan sa wa jaririnta wajen haihuwa, ana kuma ɗaukarta ta askar da aka yi wa yara da yawa kaciya da ita, da ƙaho, da tsaga, da cire beli, da yankan farce na kan titi, da allurar da aka maimaita, da kuma saduwa. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya ko musafaha, don haka ware wa majinyaci kofi da cokali ƙara masa baƙin ciki ne kawai. Ya ƙara da cewa gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna da wata guba da ke haɗuwa da wannan ƙwayar cuta su jawo ciwon dajin hanta. Haka nan giya, da shan farasitamol barkatai, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Halin da gida kan shiga

A nan ne likitan ya ba da misalin wani gida, ba tare da ya ambaci suna ko unguwa ba. Magidanci ne ɗan kasuwa mai rufin asiri, da mata da 'ya'ya. Da shawara ta fito masa sai aka ce a nemi saƙe-saƙi, aka yi wata da watanni ana sha. Da ciki ya kumbura sai aka ce sammu ne, aka soma zargin abokan kasuwa. Sai da ya yi aman jini cikin dare aka kai shi asibiti, aka tarar hantar ta ƙanƙance ta yi tauri, babu abin da zai tsayar da ita sai dashe.

Daga nan, in ji shi, sai gidan ya zama ba shi da wata hira sai ta kuɗi. Aka sayar da fili, aka sayar da mota, uwargida ta kwance 'yan kunnenta na gwal, aka ɗauki adashi, aka ci bashi. Babbar 'yarsa ta ajiye karatu ta koma jinya. Shago ya zauna a rufe, wanda yake ciyar da gidan shi ne a kwance. Dangin da suka cika asibiti a makon farko, kafin wata biyu sai gaisuwa ta waya. Ya ce abin da ya fi ci wa majinyacin rai ba zafin ciwon ba ne, ganin yadda abin da ya tara wa 'ya'yansa yake narkewa a kansa ne, har ya riƙa roƙon a bar shi a gida.

Mene ne dashen hanta?

Likitan ya ce an fara jarraba dashen hanta a Amurka a 1963 ta hannun Dakta Thomas Starzl, aka kuma fara samun nasara a 1967. Daga 1989 ne aka soma cin nasarar yanko wani sashe na hantar mai rai a dasa wa wani, domin Allah cikin hikimarsa ya yi hanta tana sake tofowa cikin makonni. Ana buƙatar mai bayarwa ya zama baligi lafiyayye, rukunin jininsa ya dace, kuma ya bayar da son ransa. Ya ja kunne cewa shi ma mai bayarwar babban aiki za a yi masa, akwai hatsari ko da kaɗan ne, saboda haka haramun ne a tsare ɗa ko ƙane ko mata da kunya da gori har sai sun amsa.

Ya ce duk da Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, masu neman dashen hanta Indiya da Masar da Turkiyya akasari suke nufa. A Indiya, dokar 1994 ta hana cinikin sassan jiki, kuma baƙo da nasa mai bayarwar yake zuwa, a tantance dangantakarsu. Kuɗin aiki kaɗai yakan kai dala 30,000 ko fiye, ban da jirgin mutum uku, da biza, da masauki na watanni. Dalar da take wajen Naira 460 a farkon 2023 ta haura Naira 1,500 a 2024. Ya ce ku lissafa da kanku.

Sannan ya yi nuni da abin da iyalai ba su cika sa wa a lissafi ba: bayan dashe mutum zai sha maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar hantar har ƙarshen rayuwarsa, tare da gwaje-gwajen jini a kai a kai. Wanda ya ƙarar da komai a kan aikin ya dawo ba kuɗin magani, to yana iya rasa hantar da ɗan'uwansa ya sadaukar masa.

Game da hukunci kuwa, ya ce wannan fagen malamai ne, amma ya tunatar cewa Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashe bisa sharuɗɗa, ta kuma haramta sayar da sassan jiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta hana wannan ciniki. Ya gargaɗi iyalai da su yi hattara da dillalan da ke yawo a asibitoci suna alkawarin samo hanta ko rangwame.

Laifin wa?

Da ya juyo kan mahukunta, ya ce a Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fita. Su masu mulkin ciwon kai ma waje suke kai shi, talaka kuwa a bar shi da kwali yana bara a ƙofar masallaci.

Abin da ya rage gare mu

Likitan ya ce abu mafi araha shi ne rigakafi. Jaririn da ya kamu, a cikin 10 kusan 9 za su zauna da cutar har girma, alhali a manya bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Shi ya sa ake son a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, kada a jira ranar suna. Tun 2004 wannan allura take cikin rigakafin yara a Nijeriya. Ya nemi kowace mai ciki ta yi gwaji, a sa gwajin a cikin na kafin aure, kuma idan an samu mutum ɗaya a gida a gwada kowa, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi. Wanda aka gano da wuri akwai magani irin su Tenofovir da ke danne nau'in B, nau'in C kuwa ana warkewa cikin kamar mako 12. Ya roƙi wanzamai su riƙa amfani da sabuwar reza ga kowane mutum.

Ga gidan da abin ya riga ya faɗa musu kuwa, ya ce wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ambata a masu cin zakka. Ya ba da shawarar kowace unguwa ta kafa asusun jinya a hannun amintattu, da rubutu da bayani, tun kafin ciwo ya zo. Wanda ba shi da kuɗi yana da jinin da zai bayar, ko kwana ɗaya da zai karɓi mai jinya, ko kuɗin makarantar yaro ɗaya. Kuma idan likitoci suka ce dashe ba zai yiwu ba, kada a ɗora wa iyali laifin gazawa, a taimaka musu su kula da majinyacinsu cikin mutunci.

Ya rufe jawabinsa da addu'ar Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya kuma ba masu jinya ladan haƙurinsu. Amin.